Hoton Gidan Mai Lofe

Ko zan manta komai na zamana a Dubai, ranar da na san fuskar kakana a bangon wata Baturiya ba za ta fita raina ba.

Aikin jinya ya kai ni. Ina zaune a unguwar Al Karama, kullum in tafi gidan wata tsohuwar Baturiya da ɗanta ya ɗauko daga Ingila. Ranar farko ina auna mata jini, idona ya faɗa kan wani tsohon hoto a bango. Gidan Mai Lofe ne wallahi, na bayan garinmu a ƙasar Jos: benen dutse, bututun hayaƙi biyu, baranda ta kewaye shi. Wani Baturen kuza ya gina shi a zamanin Turawa, ya jera masa itatuwan turare tun daga bakin hanya. Mu kango muka tarar, jemagu sun gaje shi. A hoton ga Baturen zaune da lofensa, bayansa ma'aikata bakwai a tsaye.

Kakana shi ne kukun gidan. Mai Lofe ba ya yarda ma'aikaci ya zauna da iyali a harabarsa, don haka kakata tana cikin gari. Inna, mahaifiyata, na goye zazzaɓi ya ɗauke shi, ba ta san fuskar ubanta ba. Ga shi lokacin da nake Dubai idonta ya fara tafiya, likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa.

To me ya hana ni tambaya? Tsoro, ba komai ba. Dokar wurin aikinmu ce, ban da ɗaukar hoto a gidan majinyaci, ban da shiga sha'aninsu. Ɗan nata ba ya dariya, bizata kuma a hannun kamfani take. Wata huɗu ina kai-kawo a gaban hoton nan kamar kaza mai neman wurin ƙwai. In goge shi ba a sa ni ba, in ƙura wa mutum bakwai ido, wannan ne, a'a wancan. Abinci ma ya daina yi mini daɗi. Kullum in ce gobe.

Rannan ɗan ya ce Asabar zai mayar da ita Ingila, khalas, shi ke nan. Da hantsi na ajiye maganinta, na ce, "Madam, gidan nan na garinmu ne. Wane ne kuku a cikinsu?"

Ta kalle ni, sai ta ce da Hausa, "Sannu." Ta ɗora yatsa kan wani dogo mai faɗin goshi. "Ga shi. Gidan babana ne, a can aka haife ni. A wuyan mutumin nan na girma."

Ba zan ɓoye ba, haushi ne ya fara kama ni. Ita ta hau wuyansa, uwata ko kamanninsa ba ta samu ba. Na gaya mata ko ni wace ce, ta riƙe hannuna tana hawaye. "Ɗauki hoton mana. Me ya sa ba ki faɗa ba tun da kika zo?"

A tsaye na ɗauka na tura wa ƙanwata a gida, na kira ta, ta kai wayar dab da fuskar Inna. Can Inna ta ce, "Haske kawai nake gani, 'yar nan." Ƙanwata ta rage murya ta ce, "Yaya, da watan azumi ne da ta gani." Watan azumi ina nan ina goge gilashin hoton.

"Da wa yake kama?" in ji Inna.

"Da ke, Inna. Goshinku ɗaya."

"Ya rame?"

"Bai rame ba."

"To alhamdulillahi." Ƙanwata ta ce har la'asar wayar na hannun Inna, tana shafa ta.

Inna ba ta taɓa yi mini gori ba har ta koma ga Allah, ni ce ban yafe wa kaina ba. Tun daga ranar, in abu na tsoho ne ba na cewa gobe. Tambayar da zan yi, nan take nake yin ta, ko da bakina na rawa.