Baba Yana Caji

A gidan yayana, kafin ya zo hutun nan na ƙarshen bazara, idan aka ce Baba waya ake nufi. Wata baƙar waya ce mai tsagaggen gilashi, ta matarsa. Kullum da yamma takan yi ƙara, matar Yaya ta tsayar da keken ɗinkinta ta ce wa yara ga Baba, sannan ta jingina ta da gwangwanin sukari a kan tebur. Direba, babban ɗansu, wanda ya samu sunan saboda ba ya tafiya sai yana kukan mota da baki, ya san akwai mutum a ɗaya gefen, don ya taɓa hawa wuyansa. Auta kuwa tana jaririya ubanta ya koma bakin aiki daga hutunsa na baya. Sau biyu ana ɗaga masa hutu, har ta doshi shekara uku, kuma iyakar saninta Baba a cikin wayar nan yake zaune.

Inda yake aiki sabis ba ya ɗaukar hoto. In an gwada sai fuskarsa ta daskare ta wargaje, don haka aka haƙura da murya. Auta takan tura wa wayar gutsuren burodi, ta goge mata baki da gefen rigarta, in an jona ta a bango ta sa yatsa a leɓe ta ce a yi shiru, Baba yana cin abinci. Mu manya muka ɗaure wa abin gindi. Mukan ce kar ki yar da Baba, miƙo min Baba a kan gado, wa ya shafa wa Baba mai. Dariya muke yi. Ni ma da na gama jami'a na dawo gidan da zama, ina jiran aikin da har yau bai zo ba, haka na tarar ana yi, na bi sahu.

Yayana mai walda ne. Yana tsakiyar sakandare mahaifinmu ya rasu, ya ajiye littafi ya bi wani maƙwabcinmu shago. Tartsatsi ya yi masa zane tun daga yatsu har gwiwar hannu, tafinsa ya yi kaushi kamar bayan buhu, idanunsa kullum ja. Ƙarar injin yankan ƙarfe ta nauyaya masa kunnen hagu, shi ya sa yake ɗaga murya bai sani ba. Da ƙofofi da tagogin mutane ya riƙe ni da mahaifiyarmu har Allah ya karɓi abarsa. Da na samu gurbin jami'a, ƙofa da taga suka kasa, sai ya karɓi kwangilar wani kamfani mai shimfiɗa bututu a wani daji mai nisa. Bai taɓa cewa don ni ya tafi ba. Cewa ya yi yana son ganin duniya. Duniyar da ya gani ita ce ɗakin kwano cike da gadaje masu hawa biyu, da wani tudu a bayan sansani inda ake hawa a samu sabis.

Ya iso a cikin zafin nan na gab da damina, hadari yana haɗuwa kullum yana watsewa. Yara duk ƙurajen zafi a wuya, uwarsu tana bin su da hoda, fanka tana juya iska mai ɗumi in akwai wuta. Tun bai kwance jakarsa ba ya gaya mana kamfani yana so ya sabunta kwangila, ya ba da amsa kafin hutu ya ƙare, amma shi ya gaji. Tsohon ubangidansa ya ce akwai wuri a shago. Abin da zai samu a nan ba zai kama ƙafar na can ba, matarsa ta ce ba komai, ɗinki yana kawowa, za su iya. A gabana ya ce mata zai zauna, yana son ya ga yaran nan suna girma da idonsa, ba da kunne ba. Ranar har waƙa ta yi a kicin.

Direba ya ɗare jikin ubansa tun daga ƙofa. Auta ta shige bayan labule. Yaya ya durƙusa ya buɗe hannuwa ya kira ta, sai dai muryar da ta saba ji siririya daga kan tebur yanzu ta cika falo har kofuna suna amsawa. Uwarta ta jawo ta ta ce ga Baba nan, je ki gaishe shi. Ta kalli mutumin, ta kalli wayar da ke kan keken ɗinki, ta nuna ta da yatsa, wato ga Baba can, a daina yi mata wasa da hankali. Muka yi dariya har da shi. Ya ce a ba ta kwana biyu.

Ya ba ta fiye da haka. Ya kawo mata alewa, ta ce a ba Gwaggo ta buɗe, wato ni. Ya kawo 'yartsana, ta karɓa ta hannun uwarta. Ya je shagon ubangidansa ya wuni, ya dawo da lilo na ƙarfe a kan kafaɗa, ya goge kowane lungu da kansa don kada ya yanke ta, ya yi masa fenti ja ya kafa a tsakar gida. Ta so lilon ƙwarai, amma in shi ne zai tura sai ta sauka. In ya taɓa ta sai ta goge wurin ta ce hannunsa yana cizo. Sunan da ta sa masa shi ne mutumin nan. Mutumin nan ya zauna a kujerar Mama. Mutumin nan ya shanye shayi. Yaya yakan yi murmushi ya ce to ranki ya daɗe, mutumin nan yana ba da haƙuri.

Wata rana da hantsi muna karyawa, Direba yana buga wasan mota a wayar uwarsa, sai gilashin ya yi baƙi. Ya ɗago kai ya ce, da bakinsa cike da burodi, "Mama, Baba ya mutu. A sa shi a caji."

Haka muke faɗa a gidan kullum, ba wanda ya taɓa jin nauyinsa. Yaya yana riƙe da kofi a bakinsa. Ya sauke shi a hankali. Matarsa ta kai wa yaron duka a cinya, abin da ba ta saba ba, ya fashe da kuka yana cewa ai ita ma haka take cewa. Yaya ya hana ta. Ya karɓi wayar, ya tashi ya jona ta a bango da kansa, ya ce wa yaron kar ya damu, yanzu zai tashi. Bai dawo kan shayinsa ba.

Abin da ba mu lura da shi da wuri ba shi ne yamma. Lokacin kira yana yi, Auta takan ɗauko wayar da hannu biyu, ta jingina ta da gwangwanin sukari, ta hau kujera ta jira. Wayar ba ta ƙara, tunda mai kiran yana zaune a bayanta yana kallon ƙeyarta. Tun tana jira shiru har ta fara kuka, ta ƙi abinci, ƙurajen wuyanta suka yi ruwa don susa. Da uwarta ta tambaye ta abin da ke damunta, ta ce tun da mutumin nan ya zo Baba ya yi fushi ya daina magana.

Washegari da yamma Yaya ya sa takalmi ya ce zai miƙe ƙafa. Jim kaɗan wayar ta yi ƙara. Auta ta yi tsalle daga jikina. Na leƙa ta taga, na hango shi tsaye a gindin bishiyar da ke gaban shagon mai kayan masarufi, ya juya wa gidan baya, ya manna waya a kunnensa mai kyau.

Ban taɓa jin yarinyar nan ta yi surutu irin na ranar ba. Ta ba shi labarin lilo, da 'yartsana, da ƙurjin da ya fashe. Sai ta matso da bakinta kusa ta rage murya.

"Baba, wani mutum ya zo gidanmu. Yana kwana a ɗakin Mama. Ka zo ka kore shi."

Ana jin babura suna wucewa ta cikin wayar da kuma ta taga a lokaci guda.

"To, Auta," ya ce. "Zan kore shi. Ke dai ki ci abinci."

Ta ci kuwa, har ta nemi ƙari. Daga ranar kullum da yamma sai ya fita gindin bishiya. Mai shago har ya fara yi masa tsiya, wai ko sabuwa ya samu da ba a kiranta a cikin gida. Yaya ya ce ƙwarai, kuma tana juya shi yadda take so.

Ni na kawo shawarar ya shigo yana cikin maganar, don ta ga murya da mutum abu ɗaya ne. Matar Yaya ta ce a gwada. Da yamma ya kira daga bakin ƙofa, suna hira yana takowa, har ya tsaya a gabanta da waya a kunne. Muryar ta fito sau biyu, babba daga bakinsa, ƙarama daga kan tebur tana biye. Auta ta kalle shi, ta kalli tebur. Sai ta fizge wayar ta rungume a ƙirji, ta ruga bayan keken ɗinki tana ihu yana kwaikwayon Baba, zai ɗauke mata Baba. Ta yi kuka har ta yi amai. Da zazzaɓi ta tashi washegari, kuma in ta ji takunsa a tsakar gida sai ta cusa wayar a ƙarƙashin filo. Har yanzu ina tuna yadda ya tsaya a tsakiyar falon, waya a kunne, bai kashe ba.

Kowa ya ce masa yarinta ce, za ta wuce. Ubangidansa ya ce ya ba ta wata ɗaya zai ga tana bin sa har shago. Mai yiwuwa gaskiya suka faɗa. Amma Yaya mutum ne da in ya haɗa ƙarfe biyu yana so ya ga sun kama nan take, kuma hutu yana ƙarewa, kamfani yana ta kira. Ya daina zuwa shago. Ya koma zama a kan bulo a tsakar gida, nesa da lilo, yana kallonta ina tura ta.

Ranar da aka yi ruwan farko ya faɗa. Yara suna ƙofar falo suna tara hannu a ƙarƙashin indararo, ina ninke musu kaya, matarsa tana kan keke. Ya ce ya amsa wa kamfani, jibi zai kama hanya. Ta ci gaba da taka keken har ta kai ƙarshen ɗinkin, ta yanke zare da haƙori, sannan ta juyo. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce kar ya ɗora laifin tafiyarsa a kan yarinyar da ko wando ba ta iya sa wa kanta ba. Ta ce ya saba da can ne, inda ba mai kuka, ba mai amai, ba mai cewa sabulu ya ƙare. Ta tambaye shi ita fa, da Direba, su ba mutane ba ne? Ya ce akwai makarantar yara a gaba, akwai ƙanwarsa da ba ta samu aiki ba tukuna. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ta ce duk wannan yana nan ranar da ya ce zai zauna.

"Baban Direba, faɗi gaskiya," ta ce.

Ya kalli tafin hannunsa.

"A can ina da 'ya," ya ce. "A nan ba ni da ita."

Ta ce to Allah ya kiyaye hanya, ta jawo wani yadin ta sa a ƙarƙashin allura.

Da safe ya tafi, ƙasa tana da danshi. Direba ya riƙe masa wando yana kuka, sai da na ɓanɓare yatsunsa. Matarsa ta haɗa masa kaya tsaf, ta goge rigunan aikinsa, amma ba ta fito rakiya ba. Auta ce ta raka shi har bakin ƙofa, karo na farko da ta matso kusa da shi da ƙafarta. Da ta ga jaka a kafaɗarsa ta ɗaga masa hannu tana murmushi. Ya sunkuya kamar zai taɓa kanta, sai ya fasa, ya gyara igiyar jakar ya wuce.

Da yamma wayar ta yi ƙara a kan keken ɗinki. Matar Yaya ba ta ko kalle ta ba. Direba ya tashi ya shige ɗaki. Auta tana jan zanina, don haka ni na ɗauka na ajiye mata a tebur. Yana cikin mota, ana jin injin da hayaniyar fasinjoji.

"Baba, ya tafi," ta ce.

Ya ce madalla. Ya tambaye ta me ta ci, ta lissafa masa. Ya tambayi ƙurjin wuyanta, ta ce ya bushe. Sun daɗe suna hira, yana dariya irin wadda ban ji ya yi ba duk zamansa a gidan. Can ya ce ta kai wa Mama. Auta ta sauko da wayar a hannu biyu ta je ta tsaya kusa da keke tana miƙawa.

Uwarta ba ta cire ƙafa daga kan keken ba. Ta ce, "Ki ce masa ina aiki."