Gwaggon Ɗakin Ƙwai

Kafin malamai su iso, ta riga ta buɗe ɗan ɗakin da ke ƙarshen baranda a makarantarmu ta koyon likitanci, ta dafa akwatin ƙyanƙyasa ta ji ko da ɗumi. In an ɗauke wuta, sai ta tafasa ruwa ta cika kwalabe ta jera a gefen ƙwan. Daga nan ta zauna, ta huda ƙwan kazar da ya kwana biyu a ɗumi, ta ciro ɗan tayin da bai kai ƙwayar shinkafa ba, ta daskarar da shi cikin kaki, ta yanka siriri-siriri, ta rina, ta manna a gilashi. Haka ta yi ta yi har gashinta ya yi fari. Ɗalibai suka sa mata Gwaggo, sunan ya bi ta.

A gilashinta na fara ganin notokod, ina ɗalibi. Ta tura mini madubin likita ta ce, "Ka ga ɗigon nan na tsakiya? Ɗan zare ne da ya miƙe a bayan tayi. Shi ke aika wa naman da ke samansa saƙo ya naɗe ya zama bututu, bututun ya zama ƙwaƙwalwa da laka. Ƙashin baya kuma ya ginu kewaye da shi. Duba da kyau, kada ka ce mini ka gani alhali gashin idonka kake kallo."

Yanzu ni ke koyar da darasin, kuma a gabana aka yi abin da zan faɗa. 'Yar mai sharar sashenmu ta haifi namiji, ƙasan bayansa a buɗe. Uwar mijinta ta ce ai ɗaukar bokiti da tsohon ciki ne ya jawo. Maijegon ta daina cin abinci, ko jaririn ba ta son ɗauka. Da mai shara ta kawo kukanta, Gwaggo ta ce, "Kawo mini ita."

Ta zaunar da ita gaban madubi, ta nuna mata gilashi ɗaya da bututun bai rufe ba tukuna, da wani da ya rufe.

"'Yata, na mutum ma haka yake. Cikin watan farko ake gama wannan, lokacin ko sanin kina da ciki ba ki yi ba. Bokitin wata takwas bai isa ya buɗe shi ba."

Maijegon ta daɗe ido a madubi. "To Gwaggo, me ya jawo?"

"Wani an san dalili, wani ba a sani ba. Ba zan yi miki ƙarya ba. Je ki ba ɗanki nono. In kina shirin wani cikin, ki fara ganin likita ya ba ki ƙwayar folik asid."

A ɗakin ta yi kukanta, sannan ta karɓi rabin burodin Gwaggo ta ci. An yi wa yaron aiki. Ƙafafunsa ba su yi ƙarfi ba, da sanduna yake tafiya, amma uwarsa ce ke raka shi makaranta.

Gwaggo, ke ce mai hannun da ba ya gaggawa. Sunanki bai taɓa hawa takardar shaidar kowa ba, amma duk likitan da ya fita daga nan ya leƙa ta gilashinki.

Ta gaji, ba ta kuma ɓoyewa. Ido ya dushe, yatsu sun fara rawa, wuƙar yanka tana ɓata mata abin da a da take yi tana hira. Rannan na tarar da ita tana ƙoƙarin miƙewa, hannu a ƙugu. "Malam, ɗan ragowar notokod ɗin da ke tsakanin ƙasusuwan bayana ma ya ce ya isa haka," in ji ta. Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, ba a ɗauki kowa a madadinta ba. An ce hotuna a kwamfuta sun wadatar. Da na gaya mata, sai ta ɗaga kafaɗa. "Su suka sani. Ni dai a goge mini gilasan, kada ƙura ta cinye su."

Mun gode, Gwaggo. Allah Ya huta gajiya, Ya ba ki lafiyar baya da ta ido. Ku kuma da kuka bi ta hannunta, kada ku tsaya a aiko gaisuwa. Ta ce ko bayan ta tafi za ta riƙa leƙowa, in akwai mai son koyo. Wani cikinku ya zo ya ja kujera kusa da ita, tun hannun yana iya nunawa.