Rilwanu Tirela Da Igiya Ta Huɗu

Yayana Rilwanu, wanda duk unguwar Khumra ta Jidda ta sani da Rilwanu Tirela, mutum ne da bai yarda wani ya tuƙa shi ba. Ko tasi ya shiga sai ya koya wa direban sana'arsa, har wani ya taɓa sauke mu a tsakiyar hanyar Makka ya ce mu je Allah ya haɗa mu da wani. A unguwar Ruwais, nan Jidda, aka haife mu ni da shi. Tun gemu bai fito masa ba ya zama yaron mota, ya sha wankin gilas da kwanan ƙarƙashin tirela kafin maigidansa ya miƙa masa sitiyari. Daga nan ya kama hanyar Jizan, ta bakin teku, ya yi ta safara da buhunan shinkafa har kansa ya yi fari fat.

To sai ga 'yarsa Jawahir ta tashi ta ce ita jirgin sama za ta tuƙa. Muka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta yi karatun, wani ƙaramin kamfani mai zirga-zirgar cikin ƙasa ya ɗauke ta, ta shigo gida da farar riga da igiya uku a kafaɗa. Rilwanu ya tambaye ta gefen da take zama. Ta ce dama, hagu na kyaftin ne.

"Au, ashe yaron mota aka ɗauke ki! Kina wanke musu gilas?"

"Abuya, haram alaik! Mataimakiyar matuƙi ce ni." Hausar Jawahir a kunne take, a baki kuwa rabi Larabci ne.

Ta yi masa bayani dalla-dalla. A kamfaninsu sai mutum ya tara wajen awa dubu uku a sama, ya sha ruwan sama da guguwar ƙura da ƙananan filaye na kan dutse, sannan a sa shi a ɗakin gwaji a yi ta kashe masa inji a ga ko zai rikice. Ko ya ci duk wannan, sai kujerar hagu ta samu gurbi kafin a ɗinka masa igiya ta huɗu. Rilwanu ya gyaɗa kai kamar ya gane, washegari ya tafi kasuwar dabbobi ya sayo ragon walima. Shi a lissafinsa kafin azumi an gama.

Wallahi ragon nan azumi uku ya yi a saman soron gidanmu. Ya cinye min mayafi biyu da tabarmar salla, ya yi ƙiba har ba ya iya sauko da matakala. Duk Juma'a in an zauna cin abinci sai Rilwanu ya ce, "Yalla, faɗa min, awa nawa ya rage?" Kuma kullum da sabuwar dabara. Ya ce ta riƙa rage gudu a sama don awa ta taru. Ya ce in sun iso Jidda ta ƙara zagaye biyu ta kan bakin tekun Abhur kafin su sauka, wa zai sani? Ya ce shi ma yana da awoyi jibge a hanyar Jizan da ba ya amfani da su, ta tambaya ko ana karɓar kyauta daga uba. Amma hawa jirgin nata, ko kusa. "Ni ba na shiga motar da yaron mota ke ja. Ranar da kika koma hagu, ni ne fasinjan farko, in ga igiyar da idona."

Idon ne kuwa ya fara ba shi matsala. Ciwon suga ya daɗe yana cinsa a ɓoye. Na fara lura ranar da ya zuba shayi a gefen kofi ya ce kofin ne ya karkace. Da aka zo sabunta lasisi, likita ya ce shi ke nan, tuƙi ya ƙare, kuma abin ƙaruwa zai yi ta yi. Ya dawo gida ya ce likitan yaro ne, allon gwajin idonsu ne ya dushe. Ko sau ɗaya bai taɓa cewa ba ya gani ba. In ya yi karo da ƙofa, ƙofar ce aka sa ba daidai ba. Ni kuwa abin na cin raina, don Jawahir na da sauran tafiya mai nisa, idonsa kuma ba zai jira ta ba.

Rannan da hantsi ya kira ni. "Sajida, ki sa a yanka mana tikitin Jizan, a jirgin yarinyar nan."

Na ce, "Yaya, ai har yanzu yaron mota ce."

"Na sani. Zan je in duba aikin kyaftin ɗin ne, kada ya lalata min ita."

Aka ba shi kujerar taga. Da jirgi ya daidaita sai ya manna goshi a gilas yana ba ni labari: ga inda tayarsa ta taɓa fashewa, ga gidan mai inda ake dafa kifi mai daɗi. Na leƙa, gajimare ne kawai a ƙarƙashinmu. Na ce, "Ƙwarai, Yaya, na gan su."

Da aka fara sauka iska ta taso daga teku, jirgi ya riƙa rangaji. Rilwanu ya damƙe hannun kujera, ƙafarsa ta dama tana ta danna birkin da babu. Sai ga tayoyi sun taɓa ƙasa lumui, ko ruwan da ke hannuna bai motsa ba. Ya saki numfashi ya ce da ƙarfi, har na baya suka ji, "Ka ji hannun manya! Wannan kyaftin ya san aiki. Allah ya sa tana kallo tana koya."

Muka jira kowa ya fita. A bakin ƙofa ga kyaftin, wani dattijo mai suna Turki, ga Jawahir a bayansa. Rilwanu ya kama hannunsa da hannu biyu yana zuba masa yabo. Mutumin ya yi dariya ya ce, "Ya ammi, baffa, ni hannuna na kan cinyata. Mu karɓa-karɓa muke yi, zuwa nata, dawowa nawa. Tun daga Jidda 'yarka ce ke tuƙa ka."

Rilwanu ya saki hannun kyaftin. Jawahir ta matso ta ce, "Abuya, ka yi haƙuri, ta huɗun tana nan tafe, in sha Allah."

"Kada ki yi gaggawa," ya ce. "Ki tara awoyinki cif, kada ki ƙara zagaye ko ɗaya. Ni na samu nawa."

Ya juya wajen fita, rana ta daki fuskarsa, ya tsaya cak. Sai ya miƙo hannu ta gefen da ba na nan.

"Sajida, kama ni. Ba na ganin matakalar."