Sai-Na-Auna da Mangwaron Inna

Yayana mai gyaran sikeli ne. Duk ma'aunin da ya lalace a kasuwa, na mahauta ne ko na masu sayar da ƙusa, shagonsa ake kai shi, kuma wallahi ya iya aikinsa. Matsalar ita ce in ya rufe shago ba ya baro sana'ar a can, gida yake tahowa da ita. Mutumin da zai je sayen takalmi ya ɗora ƙafar dama a hannu ɗaya, ta hagu a ɗayan, ya tsaya yana jinjinawa! Tun muna yara ake kiransa Sai-Na-Auna, har Inna da ta haife shi haka take kiransa in ya ba ta haushi.

A gidanmu na gado yake zaune, shi da matarsa da Inna. Ƙafafun Inna sun yi nauyi, ido ya rage, ba ta zuwa ko'ina. Duniyarta kaf ita ce gindin mangwaron tsakar gida, wanda ta dasa da hannunta tun tana amarya. Da hantsi a shimfiɗa mata tabarma a nan, rediyo a gefe, ƙawayenta tsofaffi su shigo ɗaya bayan ɗaya, a yi ta gulmar jikoki har la'asar.

Da wutar unguwa ta koma sai an ga dama, janareto kuma ya zama kamar wani ɗan da ake ciyarwa, maƙwabcinmu ya sa sola a rufinsa. Matar Yaya ta fara zancen su ma su sa, ko don firij. Yaya ya ce, "Sai na auna."

Ya kuwa auna. Babu gida mai sola a unguwar da bai shiga ba. Ya hau tsani ya shafa farantin sola, ya sauko ya ɗaga batir ya ji nauyinsa, ya tsare maigida da tambayoyi har abincinsa ya huce. Ya san abin sosai, har mutane suka koma neman shawararsa. Rabin layinmu da shawararsa suka sa sola, suna shan ruwan sanyi, shi kuwa yana fifita da kwali.

Daga ƙarshe dai ya kira mai sakawa. Mutumin ya hau, ya duba, ya sauko ya ce rufin yana da kyau, sai dai mangwaro ya tare rana. A rage rassan da suka hau kwano, shi ke nan. Rassa fa ya ce, matar Yaya tana tsaye ta ji da kunnenta.

Amma a sana'ar Yaya ba a awo sai an share farantin sikeli tas, allura ta koma sifili. In ka bar ko ƙwayar tsakuwa, a wurinsa awon ƙarya ne. Ta yaya za a yi ya san ranar da rufinsa ke samu alhali akwai abu a kai? Sai ya kawo mini Inna gidana, wai za a yi wa ɗakinta fenti. Ni kuma na yi ta sa masa albarka, ina cewa ashe Yaya ya fara hankali.

Ranar da na mayar da ita, muka tarar da tsakar gida fayau, rana ta ko'ina, kututture a tsakiya kamar turmin da aka kife. Raina ya ɓaci.

"Yaya, me ka yi haka?"

"Ke dai ba ki san awo ba," in ji shi. "Yanzu ne za a ga gaskiyar lamari."

Inna ta laluba kututturen da tafin hannu, ta ce a kai ta ɗaki.

Daga nan Yaya ya duƙufa kallon rana. Da safe ya leƙa rufi, da azahar ya dawo daga shago musamman ya sake leƙawa. Ya ce sai ya ga yadda take yi da zafi, sai kuma ya ga yadda take yi da damina. Ɗakin Inna kuwa ya zama tanda, don inuwar da ke rufe kwanon ta tafi. Ƙawayenta suka zo sau ɗaya, suka yi gumi, ba su ƙara dawowa ba. Ta rame, rediyon ma ta daina kunnawa.

Da damina ta wuce, ya tara mu a ɗakin Inna, ya gyara zama, fuskar nan tasa cike da annuri. Ya yi mana bayani tiryan-tiryan: rana kam akwai ta, har ta yi yawa. Amma batir yana mutuwa, faranti yana son wanki, farashi kuma ya tashi tun lokacin da ya fara bincike.

"Saboda haka," ya ce, "na auna, na sake aunawa. Sola ba ta kai kuɗinta ba. Allah ya rufa mana asiri da ban yi gaggawa ba."

Matarsa ta tashi ta fice, ni kuma na buɗe baki zan wanke shi tas, Inna ta ɗaga mini hannu.

"Sai-Na-Auna, ka gama awon ke nan?"

"Na gama, Inna."

"To, madalla. Na san ku a shago in kun gama awo kuna mayar wa mutum da kayansa. Sai ka mayar mini da bishiyata, gobe da hantsi ina son in fita."

Yaya ya juya ya kalli kututturen ta ƙofa. Tun da nake da shi, ranar ce kaɗai aka yi masa magana bai ce sai ya auna ba.