Furen da Ya Tsira Daga Firji

Emrys Pugh ya tsufa yana tuƙa bas, amma a ƙauyensu ba wanda ke ce masa direba, mahaukacin furen dafodil ake ce masa. Da Afrilu ya kama sai ya kwashe madara da cuku da ragowar naman rago daga firji, ya jera furanninsa a ciki don kada su tsufa kafin ranar gasar furanni. Matarsa Nerys kuwa oho, ta san inda za ta kai abincinta.

Sai ka gan shi da ɗan burushi yana shafa fure kunne bayan kunne, yana murɗa masa wuya a hankali don ya kalli alƙali ido cikin ido. Ko 'ya'yan cikinsa ba su samu wannan lallashi ba. Duk da haka kofin gasar sai dai ya hango shi a tagar Gwilym mahauci mai cinye ta, shekara da shekaru. Bana kuma likita ya ce gwiwoyi sun gama aiki, durƙuso a lambu ya ƙare. Ko ya ci yanzu ko ya haƙura.

Da safiyar gasa ya buɗe firji, ya tarar furannin duk sun langaɓe kamar alayyafon jiya. A ƙasansu ga kwanon tuffa. Duk ɗan harkar nan ya san iskar tuffa guba ce ga fure.

"Nerys, kin kashe ni."

"Firjina ne, tsoho. Ina na san furanninka ba sa shiri da tuffa?"

Ya zauna daɓas, hawaye na neman kunyata shi. Can idonsa ya kai kan taga: dafodil ɗaya a kwalbar zuma, fari tas, ya miƙe ƙyam. Ashe tun shekaranjiya ta zare shi daga firji.

"Ba ni shi, don Allah."

"Nawa ne. Tunda muka yi aure ba ka taɓa miƙo min ko ɗaya ba, shi ya sa na ba kaina. In za ka kai shi, da sunana za ka kai."

Haka aka yi. Ya goge shi, ya gyara masa wuya. Furen ya kayar da Gwilym a zauren coci, aka zana "Nerys Pugh" a jikin kofin. Emrys ya fi kowa tafi, fuska a murtuke.

Da za su fita ta miƙa masa kofin. "Riƙe min, ya yi min nauyi."

Bai saki ba har gida.