Manhajar da Ta Kashe Mini Uba Yana Raye

A lokacin ina ɗan kabu-kabu a Sabon Birni, mai rawar kai, kuma duk tasharmu ba wanda ya kai ni latsa waya. Sai aka kawo wata sabuwar manhaja, aka ce a can ba mai goge maka rubutu kamar yadda tsohon dandalin sada zumunta ke yi in ka saka labarin harin 'yan bindiga. Ni na shige gaba wajen tallarta. Na saka wa abokan aiki, na saka wa 'yan kasuwa, har Gwaggo, yayar mahaifina, wadda sai dai ta saurari murya. Da farko ta yi mana rana, don kafin ka kama hanyar Gatawa za ka ji ko lafiya. Abin da ban lura da shi ba, a can kowa na shiga da sunan da ya ga dama, ba mai tambayarsa.

Wata rana da kaka, bayan azahar, sai ga hoton mahaifina a ciki, wai ya rasu a Tsamaye, garin da yake zaune, jana'iza bayan la'asar. Inna lillahi! Na kira, ba sabis a garin. Mu nan ba a ajiye gawa, in ka tsaya bincike sai ka tarar an rufe. Gwaggo ta iso tasha tana kuka, ta ce ko harbe ta za a yi sai ta ga ɗan'uwanta. Na ce mata za ni kai ta. Hanyar da mai hankali ba ya bi da yamma, nan na bi da tsohuwa a bayana, duk duhuwar da na hango sai in ƙara wuta.

Muna isa, wallahi sai ga Baba bakin rumbu yana jera dammunan gero. Gwaggo ta riƙe shi tana kuka tana dariya. Shi bai damu da an kashe shi ba, ya ce ai ranar na nan tafe. Tambaya ɗaya ya yi mini: wanda ya faɗa, ɗan wane gida ne? Na duba waya, ba suna, hoton zaki kawai. Ya ce ashe kan maganar wanda ban san gidansu ba na ɗora 'yar'uwarsa a wagga hanya. Kunya ta rufe ni.

Ashe ba mu kaɗai aka yi wa haka ba. Mutane suka rinƙa sulalewa daga manhajar ɗaya bayan ɗaya, yanzu ko gaskiya aka faɗa a can ba mai motsi. Ni dai alhamdu lillahi, hankalina kwance, labarin hanya wurin direban da na san ubansa nake jinsa. 'Yan'uwa, kafin labari ya ɗora ku kan babur, ku tambayi gidan mai shi. Baba na nan da ransa, kuma duk ranar da na je, kafin in sauka sai ya tambaye ni gaisuwa na zo ko jana'iza.