Mugun da Anti Tafireta Ta Gyara

Shekara ashirin da shida Anti Tafireta ta yi tana buga wa mutane takardu a wani ɗan shago a ƙarƙashin bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai wankin hoto. Kwamfuta ta zo ta kori tsohon injinta, amma sunan ya ƙi barinta. Marubutan labarai ne suka fi kawo mata aiki, ita kuwa ba ta ganin ko ɗayansu da gashi.

Mugayen cikin labaransu ne ke ba ta haushi. Kowanne jajayen idanu, tabo a kumatu, ga dariyar ƙeta shafi guda. "Wannan ko akuya ta hango shi za ta sake hanya," takan ce. "To wa zai cuta?"

Ita ta san mugu. Manajan ofishin da ta fara aiki ne, mai sanyin murya, ko masinja ba ya wucewa bai gaisar ba. Ranar da ya sallame ta don ya ba 'yar ƙanwarsa kujerar, sai da ya tambayi jikin mahaifiyarta, ya rako ta bakin ƙofa yana cewa hutu ya nema mata. Har godiya ta yi masa.

Wata rana wani malamin makaranta ya kawo littafinsa na farko. A babi na uku haƙurinta ya ƙare. Ta goge jan idon, ta cire dariyar, ta sa mugun yana zuwa dubiya asibiti, yana riƙe da sunayen 'ya'yan duk wanda yake haƙa wa rami, kuma har cikin ransa gani yake taimako yake yi.

Malamin ya karanta a tsaye yana huci.

"Anti, wa ya aike ki? Kin mayar min da shi mutumin kirki."

"Malam, ka kai ƙarshe tukuna."

Bai kai ba, masu ɗab'i na jiransa. Littafin ya fito, mutane suka yi ta zancen mugun nan, har aka gayyaci malamin gidan rediyo. Tana cikin sa takarda a firinta ta ji shi yana cewa shekara bakwai ya yi yana nazarin halin ɗan Adam. Ta ja tsaki, ta murɗa tasha.

Littafinsa na biyu wani shagon ya kai. Tun daga nan in ya biyo layin, ta tsallaken titi yake wucewa, kansa a sunkuye kan waya.